Kumfar Lambatun Mabera

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Mabera ba za su bar ni ba, da ranar da na tsaya gaban manyan gari riƙe da gorar ruwa ina girgiza ta kamar mai tallar fura. Har yau in na ratsa ta bakin titi sai wani mai shago ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, yau babu kumfa?" Ni kuwa sai in ce masa ya share kwatar ƙofar shagonsa kafin in dawo. Haka muke zaune da su.

Ni ma'aikaciyar duba-gari ce, kuma na daɗe a aikin. Mu ne masu leƙa kwatar mutane da bolarsu da bayan shagunansu, mu faɗa musu abin da ba su son ji. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin aikin nan fiye da yadda ya kamata. In na shigo layi da farar rigata na ga mai tuwo ta zabura ta rarumi tsintsiya, sai in ji wani sanyi a raina. Maigidana yakan ce ranar da aka raba baki kowa da mudu aka auna masa, ni kuwa da buhu. (Malamin makaranta ne, mai haƙuri, Allah Ya saka masa. Amma fa yana sane ya aure ni.)

Abin ya faro ne daga wani gini da aka yi can ƙarshen unguwarmu. Dogon gini fari, babu taga ko ɗaya, ga katanga da waya a kanta, ga wani gunji da ke fitowa daga ciki ba ƙaƙƙautawa. Da farko wasu suka ce ma'ajiyar magani ce, wasu suka ce gidan ƙanƙarar kifi ne. Daga baya muka ji cewa gidan kwamfutoci ne, irin manyan nan da ke ajiye bayanan bankuna da na wayoyin mutane. Wato hoton bikin da kika ɗauka kika tura wa ƙawarki, a irin wannan gida yake kwana. Kwamfutocin kuwa zafi suke yi kamar murhu, balle a Sakkwato inda ko mutum sai ya yi da gaske. Don haka da ruwa ake sanyaya su. Ruwan ya zaga ya zaga, wani ya bi iska, wanda ya rage gishiri ya taru a cikinsa, sai a sako shi waje a zuba sabo.

Wajen nan kuwa shi ne babban lambatun unguwarmu.

Duk wanda ya san Mabera ya san halin lambatun nan. Da damina ya cika ya tumbatsa ya shiga ɗakunan mutane, da rani ya bushe ƙayau sai ledoji da awaki. To a bazarar da nake ba ku labari, lokacin da ko kare ba ya son fita da rana, sai ga ruwa yana gudu a cikinsa. Ruwa garau kamar na famfo. Wasu har murna suka yi. Ba a daɗe ba mata suka fara sallama a gidana (a unguwar nake, ƙofata kuwa ofis ce ta biyu) suna cewa sauro ya hana yara barci a lokacin da ba a san sauro ba. Gefen lambatun ya yi wani farin ɓawo kamar kanwa. Awaki su sunsuna su juya.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Malam Umaru, wani dattijo mai lambu can gangare inda lambatun ke ƙarewa. Da ya ga ruwa ya zo masa har gida cikin rani sai ya ɗauka arziki ne Allah Ya kawo, ya karkata shi cikin shukarsa. Wata rana da la'asar sai ga shi a ƙofata da damin alayyafo, bakin ganyen duk ya ƙone kamar an bi shi da ashana.

"Hajiya, dibi wanga abu," ya ce. "Tun ina saurayi nake noman wurin ga, ban taɓa ganin ƙasa ta yi hwari hakanga ba. Ruwan ga ɗumi garai. Mi anka zuba ciki?"

Na duba ganyen na mayar masa. Ni kuwa babu abin da na ƙi jini kamar a tambaye ni in rasa ta cewa.

Washegari na saka farar rigata na tafi gidan kwamfutocin. Aka bar ni a bakin ƙofa har zufa ta jiƙa mini hijabi, sannan wani saurayi ya fito, siriri mai tabarau. Injiniya Kabiru, shi ne mai kula da injinan sanyaya wurin. Yana buɗe baki na san Bakano ne. Ga ladabi kamar ya kwanta a ƙasa, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya saurare ni har na gaji don kaina. Na tambaye shi ta ina ruwansu ke shiga lambatunmu, don akwai dogon wuri da aka rufe da siminti ba a ganin ciki. Ya ce wannan sai da iznin manyansa. Sannan ya gyara tabarau ya ce:

"Hajiya, duk na ji bayaninki. Amma wace doka muka karya? Ki nuna mini ita, wallahi yau ɗin nan za mu gyara."

Dokokin da muke aiki da su sun san mahauta, sun san majema da marina, sun san gidan abinci da injin niƙa. Babu inda suka san kwamfuta mai gumi. Wanda ya rubuta su ina jin ko talabijin bai gani ba, Allah Ya jiƙansa.

Na ce, "To in babu doka, za a yi ta."

Ya ce, "Allah Ya taimaka, Hajiya."

Wannan "Allah Ya taimaka" ita ta ƙara tunzura ni.

Daga ranar na zame wa Daraktanmu ƙarfen ƙafa. In ya shigo ofis ya tarar da ni, in zai fita salla ya tarar da ni. Ya ce mutanen nan jari suka kawo gari, manya ne suka buɗe wurin, in bar kaza cikin gashinta. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ta tsaya cikin gashinta da na bar ta. Cikin lambatunmu ta shigo wanka." Ya ce in fita. Na fita, na dawo washegari. Na bi masu unguwa ɗaya bayan ɗaya, na bi matan da sauro ya dama, na ce kowa ya kai kukansa. Da dai aka ga ba zan gaji ba, sai aka kafa kwamiti ya duba yadda za a tsara zuba ruwan masana'antu cikin magudanan gari, aka kuma sa ranar taron jin ra'ayin jama'a a wani zaure da ke Sama Road. Aka gayyaci kamfanin, da masu unguwa, da masu lambu, har da 'yan rediyo.

Kafin nan mun ɗebi ruwan daga wajen lambun Malam Umaru mun aika ɗakin gwaji. Ranar taro ta matso, sakamako bai dawo ba. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa.

Matsalata ita ce ruwan nan ba shi da muni a ido. Ka ɗebo shi a gora ka ɗaga a rana, tas, ko ɗigon datti babu. Wa zai tsorata da wannan? In na ɗaga irinsa a gaban manya, ƙila wani ya ce in miƙo masa ya haɗiyi maganinsa. Ni kuwa abin da nake so shi ne abin da zai sa zaure ya ɗauki salati.

Da safiyar taron na fito da wuri na bi gefen lambatun da ƙafa, da gorar roba a jaka. Ina isa kwalbatin da ke gaban wani masallaci mai koren ƙofa, kaɗan da wuce katangar kamfanin, sai na tsaya cak. Ga wani ruwa ya taru a ƙarƙashi, toka-toka, kumfa ta yi masa rawani, ga maiƙo yana walƙiya a sama kala-kala. Na ce Allahu Akbar, asirinsu ya tonu, wato da sassafe suke sakin mai gubar kafin mutane su fito. Na tattare zane na durƙusa na cika gora. (Ruwan sanyi ƙalau yake. Da da hankalina a jikina, wannan kaɗai ya isa ya sa in tsaya in yi tunani. Amma garaje ya riga ya hau kaina ya miƙe ƙafa.)

Akwai wani shiri kuma da na yi. Ina da ƙane, Nura, autan Innarmu, mai wurin wankin mota a bakin titin unguwa. Tun ana gobe na ce masa ya sallami motocin safe da wuri ya rufe, ya tattaro abokansa su cika mini bayan zaure, don in na yi magana a ji tafi. Nura bai taɓa yi mini musu ba. Ya ce, "An gama, Adda. Har masu ganga sai in kawo." Na ce tafi ya isa.

Zaure ya cika. Shugaban kwamitin wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati mai farin gemu, ya sha babbar riga fara ƙal. Daraktanmu na gefensa yana ta hararata tun ban ce komai ba. Injiniya Kabiru ya fara magana, da hotuna a jikin bango, da muryarsa mai sanyi, har wasu suka fara gyangyaɗi. Bayansa Malam Umaru ya tashi da damin alayyafonsa. Bai yi dogon zance ba. Ya ce da lambun nan yake ciyar da gidansa, bana kuwa ko rabin abin da ya saba bai tsinka ba, kuma yana tsoron ƙasar ta mutu ke nan. Ya zauna. Tsakani da Allah, da an tsaya a nan ma ya wadatar.

Amma ina, ga ni da gora a jaka.

Na karɓi lasifika na gyara tsayuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya ya nuna muna hotuna, mun gode. Ni ba ni da hoto. Ga abin da ni ke da shi."

Na zaro gorar na ɗaga ta sama na girgiza. Kumfa ta taso har wuya. Sai na ji abin da nake jira: "Subhanallahi!" daga kowace kusurwa. Wata mata ta dafe ƙirji. Ɗan rediyo ya matso da na'urarsa kusa da bakina. Ku kuwa kun san abin da wannan ke yi wa mai baki irina.

"Wanga shi na ruwan da ɗiyanmu ke tsallakawa zuwa makaranta!" na ce, ina ƙara girgizawa. "Wanga shi na abin da ke shiga alayyahun da muke saye mu ci! Duk wanda ya zuba wanga abu cikin lambatunmu ba ya tsoron Allah, ba ya kunyar mutane. Kuma ku shaida, na rantse, ko ɗan'uwana na, ciki guda, sai na ruhe mai wuri da hannuna!"

Tafi ya kaure. Daga baya na ji muryar Nura ta fi ta kowa: "Sai Adda! Sai Adda!" Na waiwaya na yi masa murmushi. Wallahi na yi masa murmushi.

Sai Injiniya Kabiru ya ɗaga hannu, cikin ladabin nan nasa, ya ce ko zai iya ganin gorar. Na miƙa masa kamar mai miƙa wa ɓarawo kayan da aka kama shi da su. Ya kwance murfin a hankali ya kai hanci. Ina tsaye kusa da shi, ni ma ƙamshin ya iso ni. Ƙamshi mai daɗi, na lemun tsami. Na san na taɓa jin sa, amma ban tuna a ina ba tukuna.

"Hajiya, a ina kika ɗebo?"

"Kwalbatin gaban masallaci mai koren ƙofa," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Yau da sahe, da hannuna."

Ya juya wajen shugaba. "Ranka ya daɗe, bututunmu ta ƙarƙashin ƙasa ya bi. Sai an wuce wannan kwalbati da nisa, wajen injin niƙa, sannan yake faɗawa cikin lambatu. Ruwa kuwa ba ya komawa baya ya hau tudu. Sannan mu ba ma amfani da sabulu. Wannan garin sabulu ne da baƙin mai. Ban sani ba ko akwai masu wankin mota ta saman wurin."

Akwai. Guda ɗaya tak. Ranar da aka buɗe shi ni na dafa shinkafar walima.

Na tsaya da lasifika a hannu ina addu'a a zuci, ba ta neman tsari daga wuta ba, ta Allah Ya ɗaure bakin Nura. Da ya yi shiru, wataƙila da abin ya wuce a matsayin kuskuren kwalbati. To amma baki gadon gidanmu ne. Sai ga shi ya miƙe daga can baya, yana sosa ƙeya.

"Adda... mai ƙamshin lemun tsami na? Wallahi nawa na. Shi nake saye, ya hi kumfa."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mutane suka riƙa dukan kujeru. Shugaban kwamiti ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska, sai kafaɗunsa kawai ake gani suna rawa. Daraktanmu ya ɗaga kai yana ƙirga fankokin silin. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, Allah Ya isa tsakanina da ita. Wani daga cikin abokan Nura, waɗanda ni na sa aka kawo su, ya ɗaga murya ya ce, "Ciki guda!" Sai zaure ya amsa, "Ciki guda!" Ɗan rediyon nan kuwa ko kunya babu, ya bar ni ya ruga baya da na'urarsa wajen Nura.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ta rufe, a zuba siminti a kai. Na tuna duk masu tuwon da na taɓa yi wa tsawa, na ga kamar dukansu suna zauren. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ban taka nawa ba, ɗauko shi na yi a gora na kawo wa manya su sunsuna.

Har na fara laluben kujera da ƙafa in zauna. Sai idona ya faɗa kan Malam Umaru. Shi kaɗai ne ba ya dariya. Yana zaune da alayyafonsa a cinya, yana kallon ƙasa. Nan take na gane abin da na yi masa. In na zauna, an gama. Za a tashi taro da labarin kumfa, kamfani ya tafi da gaskiya a aljihu, kowa ya manta da ganyen da ya ƙone. Ni na ɓata masa ƙararsa, da hannuna, kamar yadda na yi ta alfahari.

Sai na fasa zama. Na buga lasifika da yatsa.

"Ku gama dariyarku, ina jira," na ce.

Aka ƙara wata, sannan ta fara lafawa.

"Gorar ga ta gidanmu ta. Na ɗebo ba daidai ba, na ɗora wa Injiniya kumfar da ba tashi ba, ya yahe mani. Amma rantsuwata tana nan. Nura, gobe da sahe ina tahe da kwaɗo."

"Haba Adda!"

"Zamna!" Ya zauna. "Ranka ya daɗe, sabulun Nura ƙazanta na, kuma za ya ji a jikinai. Amma shekara da shekaru Nura na wankin mota, lambun Malam Umaru na lahiya lau. Sabulun Nura ba ya cika lambatu yana gudu tun sahe har wata sahiya. Na je har ƙofarsu na tambayi inda bututunsu ke faɗawa, anka ce sai da iznin manya. Yau ga shi Injiniya ya hwaɗi da bakinai gaban kowa. Ga motoci nan waje. Mu tai mu gani da idonmu."

Shugaba ya sauke hannun riga yana share hawaye. Ya dube ni ya ce, "Ke, wai ba ki jin kunya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzun ga ta ƙare. Babu saura."

Ya girgiza kai, ya jawo sandarsa ya miƙe. Da shugaba ya miƙe kuwa, wa zai zauna?

Haka muka ɗunguma cikin tsakar rana zuwa wajen injin niƙa, motoci da babura da keke, rabin mutanen don su ga bututu, rabi don su ci gaba da kallona. Samari suka sa ƙarfe suka ɗaga murfin siminti. Ga bututu nan, kaurinsa ya kai cinyar ƙato, yana kwararo ruwa garau. Bangon lambatun daga nan zuwa gangare duk ya yi fari, ta sama kuwa babu komai sai busasshiyar ƙasa da 'yar kumfar gidanmu. Shugaba ya naɗe hannun riga, aka riƙe shi ya sunkuya ya tara hannu. Ya ɓanɓaro farin ɓawon ya murza a yatsa. Sannan ya ɗago ya dubi Injiniya.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, mi kuke zubawa ciki?"

Zan faɗi alherin yaron nan, bai yi ƙarya ba. Ya ce akwai maganin hana gansakuka, akwai na hana tsatsa, sannan gishirin da ke cikin ruwan rijiyarsu yana taruwa in ruwan ya zaga sau da yawa.

"Kai in kana da lambu, za ka ba shi wanga ruwa?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya dubi Malam Umaru. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe."

Babu wanda ya yi tafi. Ni ma, karon farko a ranar, na kama bakina.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Da yamma aka sa muryata a rediyo, da rantsuwar da komai, aka bi ta da muryar Nura yana yabon sabulunsa. Har dangin maigidana na ƙauye sun ji, wata gwaggonsa ta yi waya musamman ta yi mini jaje tana dariya. Washegari kuwa na cika alkawari. Na je da kwaɗo na rufe wurin Nura, mutane sun yi cincirindo suna kallo, shi yana tsaye da soso a hannu kamar maraya. Ban kai gida ba aka ce Inna na kira.

Na tarar da ita bisa tabarma, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ke, ɗan'uwanki kinka ruhe wa wurin nema? Nono guda kunka sha!"

"Inna, ai shi na abin da na ce gaban mutane. Ciki guda."

Ta jefe ni da mafici. Ta ce tun ina yarinya ta san bakina zai ja wa gidan nan magana. Na ce a wurin wa na gado? Ta nemi wani abin jifar ba ta samu ba.

Nura ya haƙa rami ya zuba tsakuwa da yashi, yadda mai da sabulu za su tsaya a ciki, na je na duba na buɗe masa. Bai yi mini magana ta kirki ba sai da Salla ta zo. Har gobe in maigidana ya kai motarsa, ita ake wankewa a ƙarshe, ko da shi ya fara zuwa.

Sakamakon gwaji ya dawo daga baya, ya nuna gishirin ruwan ya fi ƙarfin shuka. Kwamiti ya yi ta zama har na fara fid da rai, sannan aka fito da ƙa'ida: duk mai sakin ruwan injina cikin magudanar gari sai da izni, sai ya tara shi a tafki ya huce, a rage masa gishiri da magani, mu kuma mu riƙa zuwa muna ɗiba a gwada. An kuma hana su saki lokacin da ake ruwan sama lambatu ya cika. Kamfanin ya gina tafkinsa a bayan katanga. Har yanzu muna ja-in-ja da su, su ce sai mun sanar kafin mu zo ɗibar ruwa, ni in ce ɓarawo ma da za a sanar da shi da ya share gida. Ƙasar Malam Umaru ba ta gama dawowa ba, ya koma shuka ta gefen tudu yana jira damina ta wanke masa sauran. Shugaban kwamiti kuwa da kansa ya ce a ƙara sakin layi guda kan masu wankin mota. A ofishinmu babu mai kiran lambarsa, sai dai a ce "dokar Nura".

Masu jira in ce na yi nadama su nemi kujera su zauna, don tsayuwar za ta yi musu yawa. Da ban yi abin kunyar nan ba, da Injiniya bai yi saurin faɗin inda bututunsa yake ba don ya kayar da ni. Ya kayar da ni ɗin kuwa, na faɗi warwas, sai dai a kan bututunsa na faɗo.

Abin da na koya ba rage baki ba ne, wannan sai kabari. Na dai koyi cewa kafin ka ɗebi ruwa ka kai ƙara, ka bi shi da ƙafa har ƙofar da ya fito. In kuwa za ka yi rantsuwa a gaban lasifika, to ka fara tambaya a ina 'yan gidanku suka yi wanki da safe.